Kore a Kwamfuta, Awara a Wayar Kawu: Tarihin Gwajin Burauza da Haruffanmu Masu Ƙugiya



Da aka ce kowa ya kawo abin da zai sa a ɗan littafinmu na bana, niyyata in yi rubutu a kan bambancin Gobiranci da Katsinanci. Wani abu da ya same mu a bakans ɗin da ya wuce shi ya sa na sauya. In faɗa muku tun farko, ni ba ɗan kwamfuta ba ne. Ilimin harsuna nake karantawa a Yamai, gidanmu kuma Gazawa. Wanda ya san kwamfuta ya ga na yi kwana a wani wuri, ya yi haƙuri ya gyara mini.

Mu uku ne: ni, da wata ƴar ajinmu ƴar Agiye, da abokina ɗan Tibiri mai karatun kwamfuta a Maraɗi. Muka yi shawarar tattara sunayen itatuwa da kalmomin noma daga bakin tsofaffi a gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji. Kun san yankin nan ya yi suna a kan sassaben zamani, inda manomi ke barin kututture ya toho ya zama itace a tsakiyar gona. Har daga ƙasashen waje ana zuwa ƙauyen Ɗan Saga ganin abin. Amma in ka buɗe rahotannin da ake rubutawa, Faransanci ne da sunayen Latin. Mai gonar kuwa gawo ya sani, da kalgo, da sabara, da aduwa, da ƙirya, da ɗinya. Muka zuba abin da muka tara a wani ɗan shafi na intanet mai wurin nema: ka rubuta sunan itace, ya fito maka da amfaninsa da garin da muka ji shi.

Ɗan Tibiri ya rubuta gwaje-gwaje 12 waɗanda kwamfuta ke yi wa shafin da kanta. Daren da muka gama, duk suka fito kore. Kore a wurinsu na nufin komai daidai, ja kuma akwai ɓaraka. Washegari na ɗauki murnata na tafi wajen kawuna, tsohon malamin yaƙi da jahilci, na buɗe masa shafin a wayarsa.

«Kawu, ku duba aikin da munka yi.»

Ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce: «Ɗana, wanga ɗan akwati da ke gaban irya, wane bak'i ne? Ko wani sabon harafi kunka ƙirƙiro a Yamai?»

Na karɓi wayar. Ƙirya ta zama akwati da «irya». Ɗinya ta zama akwati da «inya». Sunan Maraɗi ma da akwati a cikinsa. Kunya ta kama ni. Kwamfuta ta ce komai lafiya, wayar kawu ta ce ƙarya ne. Neman dalilin wannan saɓani shi ya kai ni ga tarihi biyu: na gwajin burauza, da na haruffanmu.

Kafin na'ura ta karɓi aikin

Burauza ita ce manhajar da kake buɗe shafin intanet da ita, irin su Chrome, Firefox da Opera. Ta farko Tim Berners-Lee ne ya rubuta ta a 1990, a cibiyar bincike ta CERN kusa da birnin Janeba. Mosaic ta zo a 1993, Netscape a 1994, sai Internet Explorer ta kamfanin Microsoft a 1995. Daga nan gasa ta ɓarke. Kowane kamfani yana ƙara wa tasa burauzar abin da ta abokin hamayya ba ta da shi, har ya zama shafi ɗaya ya yi kyau a wannan, ya wargaje a waccan. Shi ya sa a shafukan wancan zamani ake rubuta cewa an fi ganin su da kyau a burauza kaza.

To mai gina shafi ya zai yi? Sai ya zauna ya gwada da hannu. Ya buɗe, ya rubuta suna, ya danna, ya duba. Ya koma wata burauza ya sake. Gobe an canja layi ɗaya a shirin, ya sake daga farko. Akwai mutanen da aikinsu ke nan daga safe har yamma, da takardar matakai a gabansu. Ɗan Adam kuwa yana gajiya; abin da ya duba sau hamsin, a na hamsin da ɗaya idonsa zai tsallake shi.

Masu rubuta manhaja sun riga sun samo dabarar sa shiri ya gwada shiri. Kent Beck da Erich Gamma sun rubuta JUnit a 1997, a cikin jirgin sama daga Zurik zuwa Atlanta, kuma irin waɗannan kayan aiki ne suka yaɗa al'adar kore da ja. Sai dai su ƙananan gaɓoɓin cikin shiri suke dubawa. Abin da mutum ke gani a fuskar burauza, kayan gwada shi na kuɗi ne masu tsada, kuma babban mai sayar da su shi ne wani kamfani mai suna Mercury Interactive. Don ku san girman kasuwar: a 2006 kamfanin HP ya saye shi a kan dalar Amurka biliyan 4.5.

Maganin zaiba

A 2004, a birnin Cikago na Amurka, wani ma'aikacin kamfanin ThoughtWorks mai suna Jason Huggins yana kula da manhajar da ma'aikatansu ke rubuta awowin aiki da kuɗin da suka kashe. Ya gaji da gwajin hannu, sai ya rubuta ɗan shiri da harshen JavaScript wanda ke shiga cikin shafin ya yi danne-dannen da kansa. Sunan da abin ya samu daga baya ba'a ce. Mercury da Ingilishi na nufin zaiba, kuma ana cewa sinadarin selenium na rage dafin zaiba a jiki. Huggins ya yi wannan barkwanci a wata wasiƙa ga abokan aikinsa, suna ya bi shi: Selenium. Aka sake shi kyauta, kowa ya ɗauka ya ƙara.

Selenium na farko yana da tarnaƙi. Burauza na da doka: shirin da ya fito daga wani shafi ba ya taɓa wani shafi na daban. Doka ce mai kyau, don ba don ita ba, da kowane shafin banza zai iya leƙa asusunka na banki. Amma ta ɗaure wa mai gwaji hannu. Paul Hammant, shi ma na ThoughtWorks, ya kawo dabarar sa wani shiri a tsakani wanda ke sa burauza ta ɗauka mai gwaji da abin gwaji gida ɗaya suka fito. Ita ce ta zama Selenium RC. A Japan, Shinya Kasatani ya yi Selenium IDE, wanda ke zaune cikin Firefox yana naɗar abin da kake dannawa, daga baya ya maimaita kamar kaset. A 2008 Philippe Hanrigou ya yi Selenium Grid, don a raba gwaje-gwaje ga kwamfutoci da yawa su yi a lokaci guda.

Babban sauyi ya zo daga Simon Stewart, wanda ya nuna WebDriver a 2007. Shi bai shiga cikin shafi ba. Ya tsaya a waje yana ba burauzar umarni ta bakin wani ɗan shiri da ake kira direba, kowace burauza da nata. Kamar dai bambancin wanda ya ɓuya cikin mota yana jan wayoyi da wanda ya zauna a kujerar gaba ya riƙe sitiyari. Aka haɗe ayyukan biyu, Selenium 2 ya fito a 2011. A watan Yuni na 2018 ƙungiyar W3C, wadda Berners-Lee ya kafa a 1994 don daidaita ƙa'idojin intanet, ta amince da WebDriver a matsayin ƙa'idar kowa. Abin da ya fara da gajiyar mutum ɗaya ya zama yaren da manyan burauzoji duk suke ji.

A gefe kuma an samu burauza marar fuska, wadda ke buɗe shafi ba tare da ta nuna komai a allo ba, don gwaji ya yi sauri. Ariya Hidayat, ɗan Indunusiya, ya fito da PhantomJS a 2011. Da Chrome ta samu wannan damar da kanta a 2017, kuma Google ya saki Puppeteer a shekarar, sai aka dakatar da PhantomJS a 2018. Microsoft ya kawo Playwright a 2020, Selenium 4 ya fito a 2021.

Ku sake duba jerin nan: Cikago, Japan, Indunusiya. Kayan kirki ne, kyauta ne, amma ba wanda ya gina su yana tunanin ƙirya ko ɗinya. Ba laifinsu ba ne. Kowa gonarsa yake kallo.

Yadda muka kafa namu

Ɗan Tibiri ya yi amfani da Selenium da harshen Python. Abu uku ake buƙata a kwamfuta: burauzar, da direbanta, da shi Selenium. A takarda abu ne na minti goma. A wurinmu kwana uku ya ci. Forfen rana ba ya isa, sai mu jira na dare mai araha, muna shan shayi a fada muna kallon layin saukewa yana rarrafe. In kuran ya ɗauke, batir ɗin kwamfutar ba ya kai awa guda. Da muka samu komai ya sauka, muka kwafe a kile biyu, ɗaya a aljihuna ɗaya a nasa, kamar takardar gona.

Darasi na farko: dole direba ya yi daidai da zubin burauza. In burauza ta sabunta kanta da dare, direban jiya ba zai tuƙa ta ba. Tun 2022 Selenium yana iya nemo direban da ya dace da kansa, amma sai da rezo. Mu sai muka hana tamu sabuntawa har mu gama.

Gwajin kansa ba wani sihiri ba ne. Ga yadda ɗaya yake, in an mai da shi magana:

1. Buɗe shafin.
2. Nemo wurin nema.
3. Rubuta «gawo».
4. Danna maɓalli.
5. Jira sakamako ya fito.
6. Duba ko kalmar farko «gawo» ce. In ita ce, kore. In ba ita ba, ja.

Darasi na biyu yana mataki na biyar. Da farko ya rubuta a jira daƙiƙa uku. In rezo na da kyau, kore. In ya yi nauyi, ja, alhali ba abin da ya lalace. Masu wannan sana'a sun tsani irin wannan gwaji mai fuska biyu, don in ya yi ta ƙarya, ranar da ya faɗi gaskiya ba mai kula shi. Gyaran shi ne kar a bi agogo, a bi sharaɗi: jira har sakamakon ya bayyana, sai in ya wuce iyaka ka ce ja. Duk wanda ya taɓa shiga motar Maraɗi a tashar Gazawa ya san wannan: mota ba ta tashi don ƙarfe takwas ya yi, sai ta cika.

Da wannan muka samu korenmu 12. To ina awarar ta fito?

Tafiyar ƙugiya

Na ce awara ba don wasa ba. Masu kwamfuta suna kiran wannan ɗan akwati tofu, wato awara, don kamarsu ɗaya. Yana fitowa ne in na'ura ta san lambar harafi amma ba ta da zanensa. Google ma ya sa wa tarin zanen haruffansa suna Noto, wai ba sauran awara.

Rikicin sautukan nan huɗu, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Kakanninmu da ajami suka rubuta Hausa. Da Turawa suka fara rubuta ta da baƙaƙensu, kunnensu bai kama bambancin kafa da ƙafa ba, ko bata da ɓata. James Frederick Schön, wanda ya fitar da nahawun Hausa a 1862, ya yi aiki da Dorugu, wani yaro ɗan ƙasar Damagaram da Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila. Rubutunsa bai raba waɗannan sautuka ba. Waɗanda suka biyo baya suka gane akwai bambanci, amma kowa da dabararsa: wani ya sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wani ya sa waƙafi a gefensa. Hanns Vischer, wanda Kanawa ke kira Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912. Sai a shekarun 1930 ofishin talifi na Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ya ɗauki haruffa masu ƙugiya, kuma littattafan Zariya da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, suka yaɗa su.

A ɓangarenmu na Nijar, lakwal ta Faransanci ce zalla, shi ya sa har yau allon hanya ke cewa Guidan Roumdji, Gazaoua, Tchadoua. Bayan ƴancin kai, taron UNESCO na Bamako a 1966 ya tsara wa harsunan yankin nan haruffa, kuma a tsarin da Nijar ta bi ana ninka wasali mai tsawo. Da shi kawu ya fara koyarwa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A 1980 aka yi taro a Yamai don daidaita rubutun Nijar da na Najeriya, aka bar ninka wasali. Abu ɗaya ya rage: mu muna rubuta ƴ mai ƙugiya, su suna rubuta y da waƙafi a gabanta. Ƙa'idar da ma'aikatar ilimi ta fitar a 1999 ta tabbatar mana da ƴ ɗinmu.

Kawu ya ba ni labarin keken rubutu na ofishinsu. Na Faransa ne, ba ƙugiya ko ɗaya. Sai a buga k, b, d, y, bayan an gama wani ya bi layi-layi da biro yana ɗora musu ƙugiya. Wanda ya yi gyangyaɗi, ƙasa ta zama kasa. Ku duba ɗan littafin nan da ke hannunku ma, ina kyautata zaton za ku ga shafin da aka yi wa haka kafin a kai fotokofi.

Kwamfuta ta gaji wannan rashi. Tsarin ASCII na 1963 gurbi 128 kawai gare shi, na Ingilishi. Sai a 1991 Unicode ya fito da niyyar ba kowane harafi na duniya lambarsa, kuma namu suna ciki. Amma ku ga inda aka zaunar da su. Ƙananan a zuwa z suna lamba 97 zuwa 122. Ƙaramar ƙ tana 409, ƴ tana 436. Ƙananan ɓ da ɗ kuwa suna can 595 da 599, a unguwar alamomin da mu ƴan ilimin harsuna ke rubuta furuci da su, alhali manyansu Ɓ da Ɗ suna unguwa ɗaya da ƙ. Mai zana haruffa a Turai yakan zana na Ingilishi da Faransanci da Jamusanci ya tsaya. Ko ya ƙara, yana iya ɗaukar unguwa ɗaya ya bar ɗaya. In burauza ta rasa harafi a zanen da shafi ya zaɓa, sai ta aro daga wani zanen da ke cikin na'urar. Shi ya sa wani lokaci za ka ga ɗ ta fi ƴan'uwanta ƙiba ko tsawo. In ba inda za ta aro, awara.

Har saƙon waya ya taya mu zubar da ƙugiya. Saƙo ɗaya na ɗaukar harafi 160, amma in harafi ɗaya irin ƙ ya shiga, sai ya koma 70. Rubutu daidai ya zama mai tsada, mutane suka saba da barinsa.

Yanzu amsar ta fito. Gwajinmu yana tambayar burauza: wace kalma ce a nan? Ita kuma ta ba shi lambobi: 409, sannan i, r, y, a. Lambobi daidai, kore. Bai taɓa tambayar me ido ke gani ba. Kwamfutar ɗan Tibiri tana da inda za ta aro zane, tsohuwar wayar kawu ba ta da shi. Na'ura ba ta yi ƙarya ba. Abin da muka tambaye ta shi ta amsa.

Gwajin da muka sake rubutawa

Muka koma muka zauna, wannan karon da ni da ƴar Agiye a gaba, shi yana bugawa.

Na ɗaya, zane. Muka haɗa shafin da nasa zanen haruffa, Andika na ƙungiyar SIL, wanda aka yi don masu koyon karatu kuma yana da ƙugiyoyinmu duka. Muka rage shi ya zama haruffan da muke buƙata kawai, don kar ya cinye wa mutane forfe. Gwajin yanzu yana tabbatar da zanen ya sauka, ya ɗauki hoton layin da ke da Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ, ya gwama da hoton da muka amince da shi.

Na biyu, jeri. Ƴar Agiye ce ta lura ƙirya, ɗinya da ɗorawa sun faɗa can ƙasa, bayan zogale. Dalili, in ba ka gaya wa kwamfuta komai ba, da lamba take jerawa, kuma 409 na bayan 122. Muka rubuta mata jerinmu: ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, sh bayan s, ts bayan t, ƴ bayan y. Gwajin yana duba ƙirya ta biyo bayan kuka, ba bayan zogale ba.

Na uku, nema. Kalmar «ƴaƴa» mutum zai iya buga ta da ƙugiya, ko da y da waƙafi, ko y tsirara. Shi waƙafin kansa iri uku ne a kwamfuta: miƙaƙƙe, lanƙwasasshe, da wanda Unicode ke ɗauka a matsayin harafi. A ido kusan ɗaya suke, a lamba kowa dabam. Ga kuma ƴan lakwal da za su nemi ceɗiya su buga «tchédia», su nemi gawo su buga «gao». Muka yanke: wurin nema a yi sassauci, wurin nunawa a tsaya kan ƙa'ida. Ka buga kirya, shafin ya gane ka, amma ƙirya zai nuna maka. Kowace hanyar bugawa muka ba ta gwajinta.

Na huɗu shi ya fi cin lokaci, kuma ba ruwansa da kwamfuta. Akwai itacen da na rubuta faru. Ɗan Tibiri ya ɗaga hannu daga allon bugu ya ce: «Kai malam, mu hwaru munka sani. In ka aje faru, tsohon da ya ba mu kalmag ga ba ya gane abinai.» Muka yi ta musu har shayi ya huce. Mataki na shida na gwaji yana son amsa ɗaya: wace kalma ce daidai? Selenium ba zai gaya maka ba. Dole mutum ya zauna ya yanke, ya rubuta, sannan na'ura ta tsare masa hukuncin. A nan na gane abin da muke yi ƙaramin taron Bamako ne a kan tabarma. Muka daidaita a kan faru a sama, hwaru a ƙarƙashinsa da sunan yankin da ake faɗar haka, kuma nema ya kai ka ko da wanne ka zo.

Da muka kunna sababbin gwaje-gwajen a kan tsohon shafin, ja ya cika allo. Wallahi na fi jin daɗin wannan ja a kan koren farko.

Abin da ya sa na dame ku da wannan

A watan Maris na 2025, kundin da ake kira Charte de la Refondation ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan, kuma ba shi ne zancena ba. Zancena shi ne, in har za a yi aiki da harsunanmu a hukumance, ta burauza za a yi shi: rajistar jarrabawa, takardar haihuwa, sanarwar allurar rigakafi, farashin aya a kasuwar Caduwa. Wani zai gina waɗannan shafuka, wani zai rubuta musu gwaji. In wanda ya rubuta bai san Ɗahiru da Dahiru suna iya zama mutum ɗaya ba, allonsa zai yi kore, wani yaro kuma ya nemi sunansa a jerin waɗanda suka ci ya rasa. Kuma ba Hausa kaɗai ba ce: Fulatanci na da ɓ, ɗ, ƴ da ŋ, Zabarmanci na da ŋ da ɲ, Barbarci da Buzanci na da ǝ. Awara ba ta zaɓen harshe.

Mu ƴan harsuna mukan ɗauka kwamfuta ta ƴan kimiyya ce, su kuma su ɗauka ƙugiya ado ce. Daga abin da na gani, matakai biyar na farko nasu ne, na shida namu ne. Ba sai ka iya Python ba kafin ka rubuta a takarda cewa in an buga kaza, kaza ya kamata ya fito.

Kafin in koma Yamai na sake zuwa wajen kawu. Ya karɓi wayar, ya bi jerin a hankali daga aduwa har zogale, yana motsa leɓe. Ya tsaya a ƙirya ya ɗan yi murmushi. Sannan ya ce: «To, ƙugiya ta zamna. Amma kun rubuta ana yin turmi da kalgo. Wa ya hwaɗa muku? Da ƙirya a ka yin turmi.»

Na duba kayena, na ga ni na haɗa layi biyu wajen kwafa. Wannan kam ba gwajin da zai kama shi, sai kawu.

Don haka ga roƙona. Duk wanda zai je gida a bakans mai zuwa, a Agiye ne, Gangara, Tibiri ko Cadakori, ya taho mana da abu biyu: sunayen itatuwa biyar daga bakin wani tsoho, da labarin yadda shafin ya fito a wayar da ta fi kowace tsufa a gidansu. In kun ga awara, ku ɗauki hoto ku kawo wa ƙungiya ranar taro. Za mu mai da shi gwaji.